Auren Indiyawa a Bakin Teku: Wai a Ina Ne Ake Ɗaura Auren?



Abin da ya jawo wannan rubutu gardama ce muka yi da ƙanwata. A watan Disambar 2024, lokacin da hotunan bikin jaruma Keerthy Suresh suka cika Instagram, ta miƙo min waya tana cewa, "Yaya kalli, wai a Gowa aka yi. To a cikin duk wannan hidimar, a ina ne aka ɗaura auren?" Na gyara zama da gadara irin ta wanda ya girma a gaban talabijin, na ce mata ai lokacin da suka saƙala wa juna furanni a wuya ne. Ta ce ina, ita a ganinta lokacin da ango yake shafa wa amarya jan abin nan a ka ne. Muka yi ta ja har aka kira mu cin abinci. Da na zauna na bi diddigin abin daga baya, ashe ni da ita duk mun faɗi jarrabawa.

Kuma abin da kunya fa. Mu nan babu bikin da muka halarta kamar bikin Indiyawa. Iyayenmu sun kalle shi a silima, yayyenmu a kaset, mu kuma ga shi muna kallo a waya da fassarar Hausa. Daga Hum Aapke Hain Koun na 1994, wanda kusan gaba ɗayansa biki ne da waƙoƙi 14, zuwa Vivah na 2006, amaren da muka raka sun fi a ƙirga. Amma da zarar an kunna wutar nan, malaminsu ya fara karatu, sai darakta ya yanke, ko bos ya shigo da yaransa ya tarwatsa taro, ko tsohon saurayi ya faɗo a guje yana ihu a tsaya. Shi ya sa rawar muka haddace, auren kansa ya wuce mu. Yau shi nake so mu duba, kuma a inda wasu manyan jarumai suke son yin sa, wato bakin teku. Addininsu ne da al'adarsu, ni bayani kawai nake don mu riƙa gane abin da muke kallo.

Me ya sa sai Gowa?

Gowa ita ce jiha mafi ƙanƙanta a Indiya wajen faɗin ƙasa. Tana yammacin ƙasar, a gaɓar Tekun Arabiya, kudu da Mumbai. Turawan Fotugal ne suka fara mulkinta a 1510, ba su fita ba sai 1961, shekara 14 bayan Ingila ta saki sauran Indiya. In ka ga fim an nuna tsofaffin coci-coci farare da gidaje masu fenti rawaya da shuɗi a tsakanin bishiyoyin kwakwa, da wuya in ba Gowa ba ce. Duk da haka mabiya addinin Hindu ne suka fi yawa, kusan kashi biyu cikin uku a ƙidayar 2011, Kiristoci kashi ɗaya cikin huɗu, sai Musulmi. Wanda ya kalli Dil Chahta Hai na 2001 ya san wurin da Aamir Khan da Saif Ali Khan da Akshaye Khanna suka zauna a kan tsohuwar ganuwa suna kallon ruwa. Ganuwar Chapora ke nan, a arewacin Gowa, har yau matasa na zuwa ɗaukar hoto a wurin saboda fim ɗin.

Sirrin Gowa a wajen masu biki bai wuce abu biyu ba. Na farko, gaɓarta yamma take kallo, don haka rana a cikin ruwa take faɗuwa, daidai bayan ango da amarya, mai ɗaukar hoto ba sai ya wahala ba. Na biyu, akwai manyan otal-otal a jere a bakin ruwa, musamman a kudu wajen Cavelossim da Varca da Benaulim, inda za a iya sauke dangin ango da na amarya duk a wuri ɗaya kwana uku. Ga filayen jirgin sama biyu, Dabolim da sabon nan na Mopa. Irin wannan biki da ake kwasar dangi a bar gari a tafi wani wuri mai kyau a yi, ni dai na sa masa suna bikin tafi-da-danginka. Masoya Ranbir da Deepika sun gan shi a Yeh Jawaani Hai Deewani na 2013, sai dai wancan a Udaipur ne, garin tafkuna da fadojin sarakuna, ba bakin teku ba.

A Gowa Samantha da Naga Chaitanya suka yi nasu a watan Oktobar 2017, ran 6 ga wata na Hindu, washegari na Kirista. Mouni Roy ta Naagin a can aka yi nata ran 27 ga Janairun 2022. Rakul Preet Singh da Jackky Bhagnani a Fabrairun 2024, sai Keerthy da Antony Thattil ran 12 ga Disambar wannan shekarar, bikin da har Vijay ya halarta. Wasu kuwa ƙasar ma suke bari gaba ɗaya, kamar Anushka da Virat Kohli, da Deepika da Ranveer, da duk suka tafi Italiya. Abin ya kai har a watan Nuwambar 2023 Firaminista Narendra Modi ya fito a shirinsa na rediyo yana roƙon masu kuɗi su riƙa yin bukukuwansu a gida, kuɗin ya zauna a ƙasa.

Ba otal ne ke sa rana ba

Kafin a kama ɗaki ko ɗaya, sai an je wurin fandit, wato malamin addininsu. A gidajen da suka riƙe gargajiya, zai fara da duba taurarin saurayi da budurwa daga rana da sa'a da garin da aka haifi kowannensu. Wannan takarda ita ce kundali da kuke ji ana ambata a fim har uwar jarumi ta dafe ƙirji. Maki 36 ne, ana son a samu aƙalla 18 da suka dace. Daga nan sai ya buɗe kalandarsu ya fitar da muhurat, sa'ar da suke ganin ta fi albarka. Ba rana kaɗai ba, har ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa.

Akwai wata huɗu, daga wajen Yuli zuwa Nuwamba, da da yawansu ba sa aure a ciki, domin a imaninsu allansu Vishnu yana barci. Wannan ya zo wa Gowa daidai, saboda daga Yuni zuwa Satumba ruwan sama ake tafkawa kamar da bakin ƙwarya, teku ta yi fushi, ba mai kafa rumfa a waje. Da an shiga Nuwamba sai kakar aure da kakar 'yan yawon buɗe ido su haɗu, har zuwa Fabrairu, kuɗin ɗaki ya tashi sama.

Inda ake samun ɗan saɓani shi ne sa'a. A arewacin Indiya ba abin mamaki ba ne muhurat ya faɗo ƙarfe biyun dare, baƙi na gyangyaɗi a cikin bargo. A kudu kuma yawanci da safe ne. Amarya da mai hoto kuwa faɗuwar rana suke so, in ba haka ba me aka zo yi bakin teku? Sa'arsu ɗaya, a tsohuwar al'adarsu akwai lokacin da ake kira godhuli, ma'anarsa ƙurar shanu, wato yammacin da garke ke komowa gida yana ta da ƙura. Wannan lokaci suna ɗaukarsa mai albarka ne ga aure. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruga gab da magariba ya san hoton da suke nufi. Da shi ake sasanta kaka mai son bin kalanda da jikarta mai son hoto.

Kwana biyun farko

Lalle dai ba sai na yi dogon bayani ba, mehndi suke ce masa, kuma mu ma gwanaye ne. Bambancin shi ne mai zanen takan ɓoye sunan ango ko harafin farko na sunansa a cikin zanen, a bar shi ya nema. Suna kuma tsokanar amarya cewa gwargwadon yadda lallenta ya kama, gwargwadon yadda miji ko uwar miji za su so ta.

Haldi shi ne ranar da kowa ke sa rawaya. Kurkur ake kwaɓawa da mai ko madara da ruwan fure, dangi su zo ɗaya bayan ɗaya su shafa wa amarya a fuska da hannu da ƙafa, shi ma ango a yi masa a nasa ɓangaren. Gyaran jiki ne, kuma kariya ce daga baki da ido a wajensu. A gargajiyance bayan an shafa ba a barin ango ko amarya su fita daga gida sai ranar aure. A otal kuwa yawanci a gefen wurin ninƙaya ake yi, a haɗa su tare, a zazzage musu kwandunan furanni a ka, ƙarshe abokai su ɗaga ango cak su jefa a ruwa. 'Yan Punjab suna da ƙari: kawun amarya, ɗan uwan mahaifiyarta, shi ke sa mata awarwaro ja da fari da ake kira chooda, sai a ɗaura mata wasu kayan ado masu lilo a hannu ta riƙa kaɗa su a kan ƙawayenta 'yan mata. Wadda wani abu ya faɗo wa a ka, wai ita ce ta gaba.

Sangeet kuma, wanda mu muka fi so, asalinsa taron mata ne a tsakar gida, da 'yar ganga ɗaya, suna waƙe-waƙen zolayar surukai. Fim ne ya mai da shi abin da ya zama yau: dandamali, fitilu, mai koyar da rawa da aka ɗauko tun makonni kafin biki, dangin ango da na amarya suna gasa, har kawu mai tumbi sai ya fito ya kwaikwayi Salman Khan. A nan za ka ga yadda fim da rayuwa suke cin juna. Fim ya ɗauko daga biki, ya ƙara gishiri, biki kuma ya dawo yana kwaikwayon fim. Sai dai a bakin teku akwai mai kashe musu wuta. Dokar Indiya ta hana kunna lasifika a fili daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, don haka goma na bugawa sai a tattara a koma cikin zauren otal a rufe ƙofa a ci gaba.

Ranar aure, ango kan zo da ayarinsa, baraat, yana kan farar goɗiya da rawani, masu ganga a gaba, 'yan uwa na rawa. A gari, daga gidansu ake tasowa zuwa gidan amarya. A nan kuwa, tunda kowa otal ɗaya ya kwana, daga wannan ƙofa ne zuwa wancan fili, tafiyar da yaro zai yi a minti biyar, amma sai a shafe awa guda ana taku ɗaya ana rawa goma. Wasu ma a kwale-kwale suke isowa ko a tsohuwar mota mai buɗaɗɗen kai. Uwar amarya ta tare shi da faranti mai fitila, ta zagaya a gaban fuskarsa, ta ɗiga masa ja a goshi. A wajen Gujaratawa har hancinsa take ƙoƙarin ja, wai don ya tuna roƙo ya zo.

Rumfa da wuta

To, yanzu mun iso inda darakta ke yankewa.

Wurin da ake auren sunansa mandap, rumfa ce mai ginshiƙi huɗu da aka lulluɓe da furanni. Wani abin da hotuna ba sa nunawa shi ne, yawancin rumfunan nan ba a kan yashin teku suke ba, a kan ciyawar otal suke, teku na bayansu. Bakin teku a Indiya na kowa da kowa ne, ba mai iya killace shi ya ce nasa ne, kuma kafin ka kafa wani abu a kai sai ka nemi izinin hukuma ka biya. Wasu wuraren ma, kamar Morjim da Galgibaga, kunkurun teku ne ke fitowa ya yi ƙwai a yashin, ana tsaurara doka sosai. Wanda ya dage sai a kan yashi, to ya shirya ganin Bature da gajeren wando yana wucewa ta bayan fandit.

Ango zai cire takalmansa kafin ya hau rumfa, domin wuri ne mai tsarki a wajensu. Nan take ƙannen amarya da ƙawayenta za su wawure su ɓoye, ba zai sake ganinsu ba sai ya biya. Wasan da Madhuri Dixit da Salman Khan suka yi wa waƙa guda a Hum Aapke Hain Koun ke nan. Duk wanda ya taɓa raka ango sayen baki ya san irin cinikin da ake yi da ƙawayen amarya, ba sa ragi.

Fandit zai fara da roƙon Ganesh, allan nasu mai kan giwa, wanda suka yi imani shi ke kawar da cikas. Musayar sarƙar furanni, varmala, wadda ni na ɗauka ita ce ɗaurin aure, ashe alama ce kawai cewa kowa ya amince da ɗan uwansa. Shi ya sa ake wasa a cikinta, abokan ango su ɗaga shi sama don kada amarya ta kai wuyansa, 'yan uwanta su ma su ɗaga ta.

Daga nan fuskoki ke canzawa. Mahaifin amarya zai ɗauki hannunta na dama ya ɗora a hannun ango, a zuba ruwa a kai, fandit na karatu da Sanskrit, tsohon harshen littattafansu wanda yawancin mahalarta ba sa ji. Wannan shi ne kanyadaan, wato bayar da 'ya. Sai a ƙulle bakin mayafinta da gyalen da ke kafaɗar ango. Sannan a hura wuta a cikin wani ɗan kasko mai kusurwa huɗu, da itace da man shanu.

Wutar nan ba ado ba ce. Sunanta Agni, kuma a wajensu ita ce babbar shaidar auren. Mu a wajenmu waliyyi ne da sadaki da shaidu mutane su ji siga. Su kuma komai a gaban wuta ake faɗarsa. Ka ga dalilin da ya sa iskar teku ta zama abin damuwar masu shirya biki fiye da komai: wuta ta mutu ana tsakiyar karatu ba ƙaramin tashin hankali ba ne ga tsofaffi, ga kuma amarya da mayafi mai tsawo yana kaɗawa kusa da harshen wuta. Don haka ake kare kaskon da gilashi ko wani ɗan shinge, a kuma duba ta inda iska ke busowa kafin a kafa rumfa.

Ɗan uwan amarya namiji zai zuba mata gasasshiyar shinkafa, wadda ta fashe kamar gugguru, a tafin hannu, ita da ango su zuba a wuta. Sai zagaye, phere. Mun saba jin bakwai a fim, amma ba ko'ina ba ne. Gujaratawa da wasu da dama huɗu suke yi, kowane zagaye na tsaye ne a madadin ɗaya daga abubuwa huɗu da suke ganin su ne burin rayuwa: riƙon gaskiya da addini, neman dukiya, soyayya da jin daɗi, da tsirar rai.

Abin da yake bakwai tabbas shi ne saptapadi, taku bakwai, kuma shi ne amsar tambayar ƙanwata. A wasu wuraren ana jera 'yan tsibin shinkafa bakwai a ƙasa, amarya ta riƙa taɓa kowanne da ƙafar dama, ango na riƙe da hannunta. Kowane taku da abin da ake roƙo: na farko abinci, na biyu ƙarfi, na uku arziki, na huɗu farin ciki, na biyar 'ya'ya, na shida a ga shekaru da yanayinsu tare, na bakwai abota. Gaskiya wannan na ƙarshen ya burge ni. Bayan duk kuɗin da aka narkar, abin da aka rufe da shi shi ne ku zama abokan juna.

Ba maganar malamai kaɗai ba ce, doka ce. Sashe na 7 na Dokar Auren Hindu ta 1955 ya ce ana iya ɗaura aure bisa al'adar ango ko ta amarya, amma in al'adar ta ƙunshi taku bakwai a gaban wuta, to aure yana cika ne a daidai lokacin da aka yi taku na bakwai. In aka tarwatse a na shida, babu aure. Ashe marubutan fim da ke kawo jarumi a guje a daidai wannan lokaci sun san abin da suke yi. A watan Afrilun 2024 Kotun Ƙolin Indiya ta yanke hukunci a shari'ar wasu matuƙa jirgin sama biyu, mace da namiji, da suka karɓi takardar shaidar aure suka yi rajista da niyyar yin bikin gargajiya daga baya, sai suka ɓata kafin ranar ta zo. Kotu ta ce tunda ba a yi ibadar auren ba, takarda ba ta mai da su mata da miji ba. Alƙalan har suka ja kunnen matasa cewa aure ba taron waƙa da rawa da ciye-ciye ba ne.

Bayan taku bakwai ne ango zai zuba mata sindoor, jan garin nan, a tsagar gashin kanta, ya ɗaura mata mangalsutra, sarƙa mai baƙaƙen duwatsu da zinare. Su ne alamar matar aure, kuma macen da mijinta ya mutu takan daina sa su, abin da ya sa in aka nuna ana goge wa mace jan kanta a fim kowa ya san labari ya ɓaci. A Vivah, Shahid Kapoor ya sa wa Amrita Rao sindoor tana kwance a gadon asibiti bayan gobara, muka sha kuka muka ce an ɗaura. A fim kam an ɗaura.

'Yan kudu da nasu salon

Tunda yanzu finafinan Telugu da Tamil sun fi cika mana waya, dole in tsaya a nan kaɗan, don bikinsu daban ne da na Mumbai. Babu goɗiya, yawanci da safe ake yi, a ci abinci a kan ganyen ayaba. A wajensu babban lokaci shi ne ɗaura thali, igiya rawaya da aka rina da kurkur mai ɗauke da ɗan zinare. Ƙulli uku ake yi, a wajen Tamilawa da yawa ango ya yi na farko, 'yar uwarsa ta ƙarasa. A daidai lokacin sai masu kiɗa su ƙure ganga da nadaswaram, wata doguwar abin busa da in ka ji ta za ka rantse algaita ce. Dalilin ƙarar wai don kada a ji atishawa ko wata muguwar kalma a wannan sa'a. A hotunan Keerthy za ku ga tana zaune a cinyar mahaifinta, haka Brahmanawan Tamil ke bayar da 'ya.

Suna da wani wasa da ke ba ni dariya, Kashi yatra. Ana gab da aure sai ango ya ɗauki lema da sanda ya ce shi ya fasa, zai tafi birnin Kashi, wato Varanasi, ya zama mai gudun duniya. Sai uban amarya ya bi shi yana lallashi, ya ce dawo ga 'yata na ba ka. A Gowa, hanyar Kashin ba ta wuce bakin ƙofar otal.

Telugawa, mutanen su Naga Chaitanya, labule ake sa wa tsakanin ango da amarya. Da sa'a ta cika sai kowa ya ɗora wa ɗan uwansa a ka wani curi na mazarƙwaila da aka kirɓa da jira, wani ɗan ƙamshin girki mai ɗaci-ɗaci, sannan a janye labule. Ma'anar ita ce zaƙi da ɗaci sun cakuɗe ba mai raba su. Samantha ta yi wannan rana ne sanye da sarin kakar angonta. Shekara huɗu bayan nan, a Oktobar 2021, suka sanar da rabuwarsu, kuma na san da yawanku da suka kalli Majili har yau abin na musu ciwo. Mouni Roy kuwa sau biyu aka yi nata a rana ɗaya, da safe irin na mutanen Kerala dangin mijinta, da yamma irin nasu na Bengal, inda 'yan uwan amarya maza ke ɗaukarta a kan ɗan kujerar katako su zagaya ango da ita sau bakwai, ta rufe fuska da ganye biyu na fan, ganyen da suke taunawa kamar yadda muke cin goro.

Kada kuma a haɗa su da Sikh, masu rawani irin na Diljit Dosanjh. Addininsu daban, ba wuta suke zagayawa ba, littafinsu mai tsarki suke zagayawa sau huɗu. A Oktobar 2023 ma shugabanninsu na addini a Amritsar suka hana ɗaukar littafin zuwa bakin teku da wuraren shaƙatawa don ɗaurin aure.

Abin da hoto ba ya ɗauka

Ba kowa ne a Indiya yake jin daɗin kanyadaan ba yanzu. Wasu matan suna cewa su ba kaya ba ne da za a bayar kyauta. Dia Mirza da ta yi aure a Mumbai a Fabrairun 2021, mace ce ta jagoranci ibadar, kuma ta ce ba a yi kanyadaan ba. A wannan shekarar Alia Bhatt ta fito a wata tallar kayan amare tana tambayar me ya sa ake bayar da 'ya mace, aka yi ta cece-ku-ce, wasu na yabo wasu na cewa an taɓa addini.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce mai nauyin. A al'adar yawancinsu gidan amarya ne ke ɗaukar nauyin biki, kuma su ne ke ba gidan ango dukiya, akasin sadakinmu. An haramta wannan tun 1961, amma bai mutu ba, sai dai ya koma sunan kyauta: mota, zinare, gida, ko a ce ku kai mu Gowa. Alƙaluman hukumar kula da bayanan laifuka ta Indiya sun nuna mata sama da 6,000 ne suka rasa ransu a 2022 kaɗai a kan rikicin wannan dukiya. Jaruma mai kuɗinta ba ruwanta, amma uban da yake ma'aikaci ne, 'yarsa ta ga hoton Rakul, surukai kuma suka ce su ma haka suke so, shi ne zai ci bashi. Duk wanda ya ga yadda kayan ɗaki da gara ke hana iyaye barci a nan, zai gane.

Akwai kuma waɗanda ake bari a baya. Bikin gari na kowa ne, maƙwabta da masu aiki da dangi na nesa ɗaruruwa duk su ci su sha. Bikin tafi-da-danginka kuwa yawan ɗakunan otal ne ke yanke wanda zai je. Gwaggon da ta yi renon amarya amma ba ta iya hawa jirgi, a waya za ta kalla. Wasu ma'auratan ba sa ɓoyewa, sun ce dama don su rage jama'a suka tafi. Ni a nan ne abin bai kwanta min ba, ko da yake na san in aka ba ni tikiti ba zan ƙi ba.

Na ƙarshe a rumfa shi ne vidaai, sallamar amarya, wurin da ko bos ne uban sai ya share hawaye. Tana tafe tana ɗibar shinkafa da hannu biyu tana watsawa ta bayan kanta ba tare da ta waiwaya ba, mahaifiyarta na tarewa da bakin mayafi. Ma'anarsa ta biya abin da ta ci a gidan, kuma ta bar musu albarka. 'Yan uwanta maza su ɗan tura motar da hannu, alamar sun sallame ta. A da a cikin doli ake ɗaukarta a kafaɗa, wani lokaci zuwa garin da sai ta shekara ba ta ga gida ba, kukan na gaske ne kamar na amaryarmu ranar kai ta ɗaki. A Gowa sau da yawa motar zagaya harabar otal kawai take yi ta tsaya a ɗaya ƙofar, gobe da safe uwa da 'ya su haɗu wurin karin kumallo. Amma ku duba bidiyon bukukuwan nan da kyau, kukan bai ragu ba.

Shigar gidan miji ta gaskiya sai an sauka daga jirgi a Delhi ko Hyderabad ko Chennai. A can uwar miji za ta tare ta a bakin ƙofa, an ajiye 'yar tukunya cike da shinkafa a kan dokin ƙofa, ta ture ta da ƙafar dama shinkafar ta zube ciki. A wasu gidajen ta taka faranti mai jan ruwa ta shiga tana barin sawu a tsakar ɗaki. Sai a kawo kwano da madara da furanni a jefa zobe a ciki, ita da ango su sa hannu su lalubo, wanda ya riga samu wai shi zai mulki gidan. Da na gaya wa ƙanwata wannan, cewa ta yi in ita ce, tun kafin a kawo kwanon za ta sayi mai jefa zoben.